Tambayoyin Masu Karatu: Jirgin Ƙasa, Mota ko Acaba, Wanne Ya Fi Haɗari?

Jama'a, assalamu alaikum. Shekara 27 na yi ina aikin jinya kafin in ajiye, rabi a Jos inda aka haife ni, rabi a nan Abuja, kuma mafi yawan shekarun a sashen gaggawa da ɗakin masu karaya na yi su. Duk wanda ya taɓa kwana a bakin aiki a wurin ya san titi ne ke cika mana gadaje. Da na ga wasiƙu biyar sun zo a kan maganar tafiya, sai na ware su na ce wannan karon su kaɗai zan amsa.

TAMBAYA: Malam, ni magidanci ne a Kubwa. Iyayen maiɗakina suna Tudun Wada a Kaduna, kuma duk wata tana zuwa duba mahaifinta da ba ya jin daɗi. Tun da aka kai wa jirgin ƙasa hari na hana ta shigarsa. Yanzu acaba take hawa daga gida zuwa bakin titi, ta shiga mota zuwa Zuba, daga nan ta kama ta Kaduna. Ta nace jirgi ya fi aminci, ni kuma zuciyata ta ƙi. Wa ke da gaskiya?

AMSA: Maigida, Allah ya ba surukinka lafiya. Maiɗakinka ta fi ka gaskiya, kuma zan faɗa maka dalili a tsanake, don na san ƙauna ce ta sa ka hana ta.

Idan aka ce abu kaza ya fi haɗari, sai mu tambaya da wane mudu aka auna. Ƙirga waɗanda suka rasu kawai ba ya wadatarwa, saboda masu shiga mota sun ninninka masu shiga jirgi yawa. Abin da masu bincike ke yi shi ne su haɗa duk nisan da fasinjoji suka yi a kowane irin abin hawa, sannan su duba mutum nawa aka rasa a cikin wannan nisan. Wani malamin tattalin arziki a Jami'ar Northwestern ta Amurka, Ian Savage, ya yi irin wannan lissafin da alƙaluman ƙasarsu na 2000 zuwa 2009. A kowace tafiyar mil biliyan ɗaya, babur ya ci rai kusan 213, ƙaramar mota 7.3, jirgin ƙasa 0.43, bas kuma 0.11. Ka ga ke nan mai babur ya ninka mai mota shiga haɗarin mutuwa wajen sau 29, mai mota kuma ya ninka fasinjan jirgin ƙasa wajen sau 17.

Amurka daban, Najeriya daban, kuma ba zan ce ka ɗauki waɗannan lambobin ka ɗora a kan hanyar Kaduna ba. Musamman na bas: tasu doguwa ce mai nauyi, kuma doka ta ƙayyade wa direbanta awannin da zai yi a kan sitiyari. Tamu mai cin mutum 18 da ake lodawa a Zuba wata aba ce daban. Amma dalilan da suka jera su haka suna nan ko'ina. Jirgi yana da hanyarsa shi kaɗai, babu mai shan gabansa a kwana, babu tirelar da ta lalace aka bar ta a tsakiyar hanya ba fitila, kuma tarago ƙarfe ne mai nauyin gaske. Mai mota yana cikin akwati mai ɗan kariya. Mai babur kuwa jikinsa ne bodin.

Mu dawo gida. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ta ƙirga mutum 5,081 da suka rasu a titunanmu a 2023, da 5,421 a 2024. Kusan mutum 15 ke nan kowace rana ta Allah. Wannan kuma waɗanda labarinsu ya kai ga hukuma ne. Wanda aka ɗauka daga bakin hanya aka kai gida aka yi masa sutura kafin la'asar, da wanda ya cika a asibiti bayan mako biyu, da yawa ba sa shiga takarda. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2018, ta ƙiyasta cewa abin ya kusa 40,000 a shekara.

Harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna a daren 28 ga Maris 2022 bala'i ne da ba zan raina ba. An kashe aƙalla mutum 8, an tafi da fiye da 60 daji, wasu sai a watan Oktoba suka ga iyalansu, jirgin kuma bai dawo aiki ba sai a Disamba. Bayan haka ya sauka daga kan dogo fiye da sau ɗaya, har a nan Kubwa a Janairun 2023, da kusa da Asham a Agustan 2025 inda wasu suka ji rauni. Tsofaffinmu a Jos har yau suna ba da labarin haɗarin jirgi na Langalanga na 1970. To amma ka lura, muna iya lissafa haɗurran jirgi da sunayensu da shekarunsu, saboda ba su da yawa. Na mota fa? Wa zai iya lissafa na watan jiya kaɗai tsakanin Zuba da Kaduna? Waɗanda aka kashe a wancan daren, Allah ya jiƙansu, ba su kai yawan waɗanda titi ke ɗauka a yini guda ba. Zuciyar ɗan Adam tana riƙe abin da ya zo da ƙara, ta saba da abin da ke ɗauka ɗaiɗai. Kuma kada ka manta, tsoron masu garkuwa a kan ita wannan hanyar motar ne ya tura jama'a jirgi tun farko, bayan buɗe layin a 2016.

Yanzu ga wurin da nake so ka kasa kunne. A duk tafiyar maiɗakinka, zangon da ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda ka ambata a wuce: acaba daga gida zuwa bakin titi. Muna yin addu'ar tafiya idan za mu Kaduna, a yi sallama da yara, a kira waya a ce an sauka lafiya. Minti biyar ɗin acaba kuwa ba ma ɗaukarsa tafiya.

Akwai wani yaro tela da ba na mantawa, bai wuce shekara 22 ba. Ya hau acaba zai kai ɗinki bayan layinsu. Akuya ta gitta, mai babur ya taka birki, suka zube. Yaron ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, har ya biya kuɗin acaba, ya kai ɗinkin ya dawo. Ɗan kumburi ne kawai a saman kunnensa. Da yamma ya ce kansa na sarawa, ya sha magani, ya yi amai, ya kwanta. Bayan isha'i aka yi ta tashinsa bai tashi ba. Da suka iso na ɗaga fatar idonsa na haska da 'yar fitila, ƙwayar ido ɗaya ta buɗe ta tsaya cak. Ƙashin da ke saman kunne siriri ne, kuma akwai jijiyar jini a ƙarƙashinsa. Idan ta tsinke, jini yana taruwa a hankali tsakanin ƙoƙon kai da rufin ƙwaƙwalwa, mutum yana magana yana tafiya, har jinin ya danne ƙwaƙwalwar. Bai kai asuba ba. Mahaifiyarsa ta riƙe hannun rigata tana ta maimaitawa, "Ai da ƙafarsa ya shigo gida, da ƙafarsa."

Saboda haka duk wanda kansa ya bugu, in ya fara amai, ko ciwon kai yana ƙaruwa, ko barci mai nauyi, ko maganarsa ta rikice, ko jini ko ruwa ya fito ta kunne ko hanci, a nufi asibiti a lokacin, kada a jira gari ya waye.

Ga mata kuma akwai ƙarin abu biyu. Zaman gefe guda a kan babur ba ya ba mace abin riƙewa, ko ƙaramin rami na iya zubar da ita ta baya, ƙeya ta fara sauka. Sannan gefen hijabi ko zani yana shiga taya ko sarƙa ya fizgo mace ƙasa ta wuya. Na ga wannan fiye da yadda nake so in tuna. In hawa ya zama dole, ta tattare hijabinta a cinya kafin a tashi.

Shawarata, tunda akwai tashar jirgi a Kubwa, ka kai ta da kanka ko ka samo mata mota har bakin tasha, ta shiga jirgin rana, wani ya tarye ta a Rigasa.

TAMBAYA: Ni uwa ce a Unguwar Rogo, Jos. Ɗana ya samu aiki a Abuja, yana zuwa gida duk bayan mako biyu. Yakan taso ranar Juma'a bayan an tashi aiki, ya iso cikin dare. Wani lokaci Sharon yake shiga, wani lokaci Homa. Ba na runtsawa sai ya ƙwanƙwasa ƙofa. Wacce mota ta fi, kuma wace kujera zan ce ya riƙa zama?

AMSA: Hajiya, Allah ya raya shi, ya sa ki ci moriyarsa. Wannan hanyar tawa ce, na bi ta ba adadi.

Gaskiya ne idan motoci biyu suka yi karo, ƙaramar ce ta fi jin jiki, don haka doguwar bas ta fi ƙaramar mota kariya. Amma tsakanin Sharon da Homa ba zan zaɓa miki da suna ba. Homa tana da tsayi, in aka danƙara mata kaya kuma taya ta fashe tana cikin gudu, wuntsilawa take yi. Sharon ta fi zama a ƙasa, amma a nan ne ake cusa mutum biyu a kujerar gaba, a matse huɗu a inda aka yi don uku. Abin da zai duba shi ne direba, da taya, da lodi, da lokacin tashi.

Na fara da gudu, don shi ne uban tafiyar. Doka ta ba motar haya kilomita 80 a awa a kan babbar hanya, 90 a kan tagwayen hanya. Tun 2017 aka ce kowace motar haya ta sa na'urar ƙayyade gudu, amma duk mai shiga tasha ya san allura na wuce 120 ba tare da kowa ya ce uffan ba. Ƙarfin bugu kuma ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkawa yake yi: in gudu ya ninka biyu, bugun ya ninka huɗu. Karo a kan 50 kamar faɗowa ne daga tsayin mita 10, wajen bene hawa uku. A kan 100 kuwa kamar mita 40 ne. Me ake samu a madadin haka? A tafiyar kilomita 100, mai gudun 120 ya riga mai 90 isa da minti 17 kacal, alhali bugun da zai sha ya kusa ninka nasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a kan gudu yana ƙara yiwuwar haɗarin da za a rasa rai da kashi 4.

Direbobinmu ba mahaukata ba ne. Mutum yana so ya sauke a Jos ya samu layi ya juyo, ga balas na mai mota, ga tsadar mai. Yunwa ce ke taka totur. Amma ran ɗanki ba ya cikin wannan lissafin, shi zai tsare kansa.

Wata rana ina saukowa daga Jos a ƙarshen damina, mun wuce Riyom mun doshi Hawan Kibo, hazo ya rufe duwatsu, ba ka ganin abin da ya wuce tsawon mota uku. Gabanmu tirela ce tana gangarawa a hankali, ƙaurin birkinta har cikin motarmu. Direbanmu ya leƙa sau ɗaya, ya leƙa sau biyu, ya fita zai sha gabanta a daidai kwana. Na ce, "Direba, don girman Allah ka koma hannunka." Wani fasinja a baya ya ce, "Baba, ƙyale shi, sauri muke." Bai rufe baki ba fitilun wata mota suka ɓullo daga cikin hazon. Direban ya fizgo sitiyari ya koma bayan tirelar da ƙyar, madubinmu na gefe ya tafi. Daga nan har Akwanga babu wanda ya ƙara cewa sauri yake. Jos tana kan tudu mai tsayin mita 1,200 da wani abu, kuma a wannan gangaren ake sauke kaso mai yawa na tsayin. Babbar mota mai kaya in ta dogara da birki kaɗai, birkin yana zafi har ya daina kamawa. Irin wannan gangaren ne muke da shi a nan daga AYA zuwa Nyanya, inda a Maris 2025 wata babbar mota ta ƙwace ta afka wa motoci kusa da gadar Karu, wuta ta tashi, aka rasa rayuka. Ki ce masa kada ya ji kunyar yi wa direba magana, kuma in wani ya riga shi, ya mara masa baya.

Taya kuma ana iya karanta shekarunta. A jikinta akwai lambobi huɗu a jere, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ya ga 2321, an yi ta a mako na 23 na 2021. FRSC tana cewa taya ta gama aiki bayan shekara huɗu da yin ta, ko da zanenta bai suɗe ba. Zagaya mota sau ɗaya kafin a shiga ba ya cin minti biyu.

Kujera mafi kyau ita ce wadda ke da bel mai aiki. Ɗaura shi yana rage haɗarin mutuwa har zuwa rabi, kuma na baya ma yana buƙatarsa, don shi ne ke tashi ya faɗa kan na gaba ko ya fita ta gilashi. In za a haɗa shi da wani a gaba, ya haƙura da motar, ko ya biya kuɗin kujerar duka. Ya kuma shiga a cikin tasha inda ake rubuta suna da lambar dangi, ya bar motar bakin hanya.

Amma babban abin da zan roƙa shi ne ya daina tasowa da yammacin Juma'a. Direban da ya ɗauko shi ƙarfe biyar wataƙila tun asuba yake kan hanya, kuma duhu zai same su a daidai wurin da hanya ta fi wuya. Ya kwana, ya taso da hantsin Asabar. Ke ce za ki faɗa masa haka, don saboda ke yake wannan saurin.

TAMBAYA: Baba, ni ɗan acaba ne a Karmo, shekarata shida ina yi. Kullum mu ake zagi, alhali masu mota ne ke buge mu su gudu. Hular kwano zafi gare ta, fasinja kuma ba ya yarda ya sa. Ana so a ba ni keke napep bashi in riƙa biya duk mako. Shin keke ya fi babur aminci, ko duk ɗaya ne?

AMSA: Ɗana, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a nema. Kana da gaskiya a maganar masu mota. Fiye da rabin mutum miliyan 1.19 da titi ke kashewa a duniya duk shekara masu tafiya a ƙasa ne da masu babur da masu keken hawa mai ƙafa biyu, wato waɗanda ba su da ƙarfe a kewaye da su. An hana ku shiga tsakiyar Abuja tun 2006, Jos ta bi a 2012, Kano a 2013, amma unguwannin da talaka ke kwana har yau ba su da abin hawan da ya maye gurbinku.

Sai dai ka duba wannan. Fasinjanka minti biyar yake yi a kan babur ya sauka. Kai kana kai daga asuba har dare, kwana shida ko bakwai a mako. Duk lissafin da na yi wa maigidan Kubwa a sama, a kanka ya fi faɗawa. Ko fasinja ya ƙi hula, kai ka sa taka. Bincike ya nuna tana rage mutuwa da wajen kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da wajen kashi 69. Sharaɗin shi ne ta zama ta gaske mai kauri da soso a ciki, kuma a ɗaure igiyarta a haɓa. Wadda ba a ɗaure ba tana riga mai ita isa ƙasa. Hular roba ta masu aikin gini, wadda aka yi ta sawa da aka fara kamen hula a Janairun 2009, ba ta tare komai. Zafi kam akwai shi, ban musa ba. Na yi jinyar samari da suka rayu bayan bugun kai amma ba su ƙara gane matansu ba, ana ba su abinci a baki. Wannan nake tunawa duk lokacin da aka ce mini hula na da zafi.

Keke ya fi babur, in dai a cikin unguwa ne. Ƙafa uku gare shi, ba ya zubar da kai don ka taka yashi, gudunsa kaɗan ne, kuma akwai ɗan ƙarfe a kewaye. Waɗanda aka riƙa kawo mana daga haɗarin keke, galibi karayar hannu ce ko ƙafa da yankan ƙarfe, na babur kuwa kai ne da ƙashin ƙwauri da cinya. Amma keke yana kifewa in aka sha kwana da gudu, ba shi da ƙofa, ba shi da bel, kuma a gaban tifa shi da gwangwani ɗaya ne. Ranar da ka hau da shi babban titi, ko ka bi hannun da ba naka ba don gudun zagaye, ka zubar da duk fifikon da yake da shi. In sharuɗɗan bashin ba za su sa ka yi ta gudu don cika kuɗin mako ba, ka karɓa. Kuma ka nisanci ƙwayar da wasu abokan sana'arka ke sha wai don kada su gaji. Gajiyar tana nan, ji ne kawai ba a yi.

Akwai abin da ba a yaba muku a kai: in haɗari ya faru ku ne farkon isa. To ka riƙe wannan ka koya wa 'yan tasharku. Wanda ya ce wuyansa ko bayansa na ciwo, ko ba ya jin ƙafafunsa, kada a ɗauke shi hannu da ƙafa a naɗe shi a bayan mota, don ƙashin da ya tsage zai iya yanke laka, mutum ya shanye har abada. A sa shi a kan katako ko ƙofa, mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jikinsa. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kada a saki. Kada a ɗura masa ruwa. A kira 122, lambar FRSC ce, kyauta. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta haramta wa asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Karayar da ƙashi ya huda fata ta asibiti ce, a bar maganar ɗori. Ɗaurin da ya matse yana hana jini gudu, kuma ƙafafun da na ga an yanke saboda haka suna da yawa.

TAMBAYA: Malam, a Lugbe nake, ina sauka daga mota bayan magariba. Gadar tsallakawa tana da nisa, kuma ana ƙwacen waya a kanta. Nakan duba in ruga in tsallake titi. Ai ina ganin motocin, ko?

AMSA: 'Yar'uwa, kina ganin fitilunsu, amma ido ba ya iya auna gudun fitila da dare. Motar da ke kan 100 tana cin mita 28 a daƙiƙa ɗaya, tsawon filin ƙwallo cikin daƙiƙa huɗu, ga layuka da yawa da za ki ƙetare, ga shingen tsakiya. Direban kuma ba ya ganin mai baƙin hijabi sai ya zo kanta. Tsakanin gudun 50 da 65 kaɗai, haɗarin mutuwar wanda aka buge yana ninkuwa sau huɗu da rabi, balle gudun hanyar filin jirgi. Tsoron ɓarayi gaskiya ne, kuma hakkin hukuma ne ta sa fitila da tsaro a gadojin nan. Kafin a yi, ki sa wayar a jaka, ki jira mutum uku ko huɗu ku hau tare.

TAMBAYA: Baba, ina dako a kasuwar Dei-Dei. Kuɗin mota zuwa garinmu ya fi ƙarfina, don haka in Sallah ta zo saman tirela nake hawa da ni da abokaina. Sun ce in kwana ya ƙare ko a kan gado kake sai ka tafi. Me ka gani?

AMSA: Ɗana, wasiƙarka ce ta fi taɓa ni, don na san ba son ranka ba ne. Ajali gaskiya ne, babu mai musu. Amma wanda ya koya mana imani da ƙaddara, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Kuma abokanka sun manta cewa ba kowa ke mutuwa ba. A duniya mutum miliyan 20 zuwa 50 ne ke jin rauni a titi duk shekara. Mai dako da ƙashin bayansa ya karye, wa zai ci da shi, wa zai ci da mahaifiyarsa?

A duk abin da muka lissafa yau, saman tirela ne kaɗai zan ajiye kusa da babur, wani lokaci ma ya fi shi muni. Ba ka da kujera, ba ka da abin riƙewa, kana sama da ƙasa da wajen mita huɗu, kuma tafiyar dare ce, gyangyaɗi ɗaya ya isa. In motar ta kife, buhunan da kake zaune a kai su ne za su danne ka, in shanu ne su tattake ka, kuma mutum 30 ko 40 ne ke tafiya a lokaci guda. A Satumbar 2024, a yankin Agaie ta jihar Neja, tankar mai ta yi karo da babbar motar da ta ɗauko mutane da shanu tare, aƙalla mutum 48 suka ƙone.

Kuɗin mota yana tashi ne a kwanakin jajibiri, ya sauko bayan Sallah da 'yan kwanaki. Ku haɗu ku biyar ko shida 'yan gari ɗaya ku fara adashin kuɗin mota tun watanni uku kafin lokaci. In bai cika ba, ka aika wa Inna abin da ka tara ta yi cefanen Sallah, ka kira ta ranar idi, ka je mata a mako na biyu a cikin mota mai kujera.